Minti Talatin da Ɗaya daga Dajin Ekwado

Shekara ashirin da shida na yi ina share ƙara daga maganar mutane. Aikina ke nan a sashen Hausa na gidan rediyon da ya kawo ni Washington. Wakili zai aiko rahoto daga Gusau ko Maraɗi, a bayansa zakara na cara, janareta na ruri, ɗan acaɓa na danna hon kamar an aiko shi. Ni kuma in zauna da hedifon a kunne ina tsince su ɗaya bayan ɗaya har muryar ta fito tas. In mutum ya yi in'ina in yanke, in ya ja dogon numfashi in matse, rahoton minti biyar ya koma biyu da rabi. A wurinmu shiru ɓarna ce, daƙiƙa uku babu magana a iska sai ka ji ana nemanka a ofis. A sashen nan babu wanda ya kai ni kunne, kuma ban taɓa jin nauyin faɗa wa mutane hakan ba.

Sunana Haidar, mutumin ƙasar Haɗeja. Ni da matata Sailuba, ma'aikaciyar jinya, a Fort Washington muke zaune, kusa da kogin Potomac. 'Ya'yanmu biyu. Khalil injiniya ne a Manassas, bai taɓa ba ni ciwon kai ba. Sai auta, Umaima, wadda aka haifa a nan. Tana jin Hausa sarai, amma tun tana aji biyu in na yi mata magana da Turanci take amsawa. Na yi faɗa, na yi lallashi, na ba da cin hancin alawa, duk a banza. Da ta girma sai hirarmu ta koma kamar ta maƙwabta: ya karatu, lafiya lau, Allah ya taimaka.

Na so ta karanta haɗa magunguna. Ita kuwa ta ce tsuntsaye za ta karanta.

“Tsuntsaye?” na ce. “Abin da muke harbi da danƙo muna gasawa a bakin fadama? Shi za ki je jami'a ki yi wa digiri?”

Ta yi digirin, ta ɗora na biyu, kuma a watan Agustan 2012 ta tattara ta tafi ƙasar Ekwado, cikin wani daji a gindin duwatsu, za ta shekara biyu tana nazarin wasu ƙananan tsuntsaye da ake kira tanaja. Babu waya a wurin sai in ta sauko gari, sau ɗaya a mako biyu. In ta kira, uwarta ke cinye lokacin, ni a miƙo mini in ce Allah ya yi albarka. Gidan ya yi mini faɗi. Na yi kewarta ƙwarai, amma ko Sailuba ban faɗa wa ba.

A watan Nuwamba sai ga imel daga wurinta, ni kaɗai ta aiko wa, babu rubutu sai sauti na minti talatin da ɗaya. A ofis na buɗe shi lokacin hutun rana. Da farko ba komai sai shuuu, da ƙarar ƙwari, da ɗigar ruwa a kan ganye. Har na fara tsaki, ina cewa yarinyar nan ko saita makirufo ba ta iya ba. Sai na ji raɗa.

“Baba, ina kwana. Ni ce. Ka saurara.”

Da Hausa! Na cire hedifon na duba ko wani na kallona, don idona ya riga ya cika. Na mayar, na ci gaba. Can bayan minti biyu ta sake raɗa: “Ka ji?” Sai shuuu. Sai kuma: “Sun zo. Suna da yawa, Baba, kala-kala, tare suke yawo. Ka ji?” Hausar tana tuntuɓe, tana tsayawa neman kalma, amma Hausa ce, kuma da ni take.

To, me kuke tsammani mai irin aikina zai yi? Kwana huɗu na hana kaina abincin rana. Na kwashe ƙarar ƙwarin, na danne ɗigar ruwan, duk wani ƙyas da ke saman muryarta na aske shi. Dogayen shirun nan na yanke su, inda ta yi tuntuɓe na haɗe bakin maganar yadda ko ita ba za ta gane ɗinkin ba. Minti talatin da ɗaya ya dawo minti uku da daƙiƙa arba'in, murya garau kamar a situdiyo aka ɗauka. Na kira abokin aikina Idrissa, mutumin Damagaram, na kunna masa.

“Kai, ɗiyarka ta iya magana,” in ji shi. “Amma Malam Haidar, mi ne ne take ta cewa ka ji, ka ji?”

Na ce salon maganar yaran nan ne. Ranar da ta cika shekara ashirin da biyar, a farkon Disamba, na aika mata a matsayin kyauta, har da rubutu: “Na gyara miki. Wani karon ki matso da makirufo kusa da baki.”

Amsar ta zo bayan kwana tara, layi ɗaya, da Turanci. Ta ce na cire duk abin da ta aiko mini.

Daga nan sauti bai sake zuwa ba. Tana kiran uwarta yadda ta saba, in an zo miƙo mini sai ta ce layi na yankewa, a gaishe ni. Ni ma na hau dokin zuciya. Na ce yaran Amurka ba su san alheri ba, mutum ya yi maka aikin kwana huɗu ko sannu babu. Amma a mota, a kan hanyar zuwa aiki, minti ukun nan nake ta maimaitawa har na haddace shi. Tsorona ɗaya ne: yarinyar ta buɗe mini ƙofa sau ɗaya a rayuwarta, kuma in ta dawo a haka, haka za mu ƙare.

Wata Asabar cikin Fabrairu ƙanƙara ta hana fita. Sailuba na yanka albasa a kicin, ni ina tebur da kwamfuta ina jin abin nawa a hankali. Ta ajiye wuƙa.

“Abban Khalil, don Allah sa mana na asalin. Wanda ba ka taɓa ba.”

“Ƙara ce kawai a ciki.”

“Ka sa dai. Yarinya na ce maka ka ji, ka ji, kai kuma ka share abin jin. Wannan wace irin gwaninta ce?”

Na sa don a zauna lafiya. Ba a yi minti biyu ba ta ɗaga hannu. “Lah! Ji wani siriri kamar tsinke. Ga wani can yana amsa masa.” Fuskarta ta washe, har tana karkata kai.

Na ce, “Ina?”

“Yanzu fa. Ga shi kuma.”

Na ƙara murya. Shuuu. Na ɗauko hedifon na aiki mai tsada na danna a kunne. Shuuu. Na zaci tsokana take yi, don halinta ne. Sai na buɗe hoton sautin, wanda ke zana kowace ƙara a allo, masu kauri a ƙasa, masu siriri a sama. Can sama allon cike yake da ƙananan zane, wasu kamar waƙafi, wasu kamar ƙugiya, wasu a jere kamar ɗinkin hannu, kuma kowane gungu yana zuwa ne daf da inda Umaima ke cewa “ka ji?” Lokacin da nake gyara na gan su, na ɗauka tsatsar na'ura ce, na share da hannuna.

Likitan kunne da na gani a makon da ya biyo baya bai yi wani kewaye-kewaye ba. Ya ce shekarun hedifon sun cinye saman jina, duk wani sauti mai siriri ya wuce ni, kuma ba ya dawowa. Maganar mutane zan ci gaba da ji, shi ya sa ban lura ba. Na fito na zauna a mota na fi rabin awa. Ni da nake cika baki da kunne! Na roƙi Sailuba kada ta faɗa wa kowa, musamman Umaima.

“Ba zan faɗa ba,” ta ce. “Bakinka ne ya ɓata, shi zai gyara.”

Tun da kunne ya ƙi, sai na koma wa ido. Na buga hotunan sautin a takarda, shafi ashirin da uku, na liƙa a bangon ɗakin Umaima. Kowace yamma bayan na dawo aiki sai in zauna ina haɗa zane da raɗarta, Sailuba na gefe tana kwaikwayo mini kukan da baki, kwaikwayon da na tabbata ko tsuntsun ba zai gane kansa ba. A haka na fahimci abin da yarinyar ta zauna ƙarƙashin bishiya tana jira. Tsuntsayen nan ba jinsi ɗaya ba ne, kusan goma ne ke tafiya ayari guda. Dajin zai yi tsit, sai su sauko wa bishiya mai 'ya'ya gaba ɗaya, wasu na tsinkar 'ya'yan, wasu na leƙa bayan ganye neman tsutsa, kowa na ɗan kiransa don kada a tafi a bar shi. Minti huɗu, biyar, sai su yi gaba. Mai zanen ƙugiya shi ne wanda ta ce kansa kore, cikinsa shuɗi, bayansa ja da rawaya, “kamar ya sa kayan mutum bakwai”. Masu jeren ɗinki su ne ke fara isowa. Na san su duka da ido, kuma ban taɓa jin ko ɗaya ba.

Sai a minti na ashirin da shida na tarar da wata magana da na yanke gaba ɗaya, saboda ta yi ƙasa da murya sosai kuma iska ta bugi makirufo. Na ɗaga ta da ƙyar.

“Baba, wannan naku ne. Yanzu kore ne, ya ɓoye. In an yi bazara zai zo wajenku, ja, fukafuki baƙi. Yana zuwa har bayan gida. Ka ji shi?”

A allo zanen biyu ne, ɗaya tsaye a sama, ɗaya kwance a ƙasa. Sailuba ta ce cewa yake “cik-burr”. Na saurara da kyau. “Cik” ɗin babu, amma can ƙasa na ji wani ɗan “burr” kamar an ja yatsa a bakin mataji. Rabin kuka ɗaya, shi ne duk rabona a dajin nan. Na tuna mulufi a fadamarmu, wanda da damina yake yin ja wur a kan ciyawa, da rani kuma ya koma ruwan ƙasa har yara su rantse ya bar gari. Shekara ashirin da biyar ina da wannan labarin a baki, ban taɓa ba wa mai karatun tsuntsaye ba.

Na ce wa Sailuba zan ɗauko wa Umaima muryar tsuntsun nan in ya iso. Ta dube ni sama da ƙasa. “Da wane kunnen?”

“Da naki.”

Ranar ɗaya ga Mayu muka fara. Bayan sallar asuba mu shiga dajin da ke gefen kogi, minti goma daga gida, ni da doguwar makirufo, ita da flas ɗin shayi da mita. Tsuntsun nan ɗan rainin hankali ne. Ga shi ja, amma can ƙololuwar itace yake zama cikin ganye, sai wuyanka ya ƙage ba ka ga komai ba. Ƙurar furanni ta sa ni atishawa, jiragen sama na bin kogin suna sauka kowane minti biyu, masu gudun motsa jiki na wucewa suna kallon dattijo da hula yana nuna wa bishiya sanda. Sau biyu na hango ja na rikice, Sailuba ta ce wannan mai tukkun ne da ke cin hatsi a bayan gidanmu duk shekara. Ƙarfe bakwai mu koma, ta tafi asibiti, in kama hanyar ofis. Kwana goma muna haka. A na takwas ta ce gwiwarta ta gaji da ni da 'yata, amma washegari ita ta fara sa takalmi.

Rana ta goma sha ɗaya, Asabar, muna tsaye kusa da wani kwari sai ta damƙi gwiwar hannuna. Ta juya ni a hankali kamar mai saita eriya, ta ɗaga hannun nawa sama. Allurar na'ura ta motsa. A hedifon na ji “burr”. Shiru. “Burr.”

Sai ya sauko reshen ƙasa, ya tsaya a fili. Ban taɓa ganin ja irin wannan a jikin abu mai rai ba, fukafukan kuwa baƙi ƙirin. Bai kai tafin hannuna ba. Ya karkata kai yana duban bayan ganye, ya yi tsalle ɗaya ya cafko tsutsa, ya buga ta a reshe sau biyu ya haɗiye. Ina ganin bakinsa na buɗewa sau biyu, ina jin na biyun kawai. Wannan ɗan abin ya taso daga inda 'yata take, ya ƙetare teku da fukafukansa, ni kuwa wata biyar na kasa aika mata layi ɗaya.

Na matso da bakina kusa da makirufo, na yi raɗa yadda ta yi.

“Umaima, ina kwana. Ni ne. Baƙonki ya iso, ga shi a gabana. Mamanki ta ce cik-burr yake cewa. Ni burr ɗin kawai nake ji. Kunnena ya tafi, auta, likita ya ce ba ya dawowa. Waɗanda kika aiko mini ban ji ko ɗaya ba, na ɗauka ƙara ce. Da na ji ma wataƙila da na share, don halina ne. Ki yi haƙuri.”

Daga baya na ba ta labarin mulufi, da yadda muke laɓe masa a fadama. Tsuntsun ya yi ta kiransa har ya gaji ya tashi.

A gida na zuba sautin a kwamfuta. Minti ashirin da biyu ne, kuma a ido na aiki abin kunya ne: jirage tara, atishawa huɗu, Sailuba na cewa sauro ya cije ta, ga inda na ja majina. Yatsana har ƙaiƙayi yake. Na ce ko jiragen kawai in rage. Sailuba ta tsaya a kaina da ludayi a hannu tana hararata. Na aika shi yadda yake.

Kwana goma sha shida babu amsa. Ranar da ya kamata ta sauko gari ta zo ta wuce, ko uwarta ba ta kira ba. Na daina jin minti ukun nan a mota. Idrissa ya tambaye ni ko ba ni da lafiya, na ce ƙurar furanni ce.

Ranar Litinin da hantsi, ina hutu a gida, imel ya shigo. Sauti ne, awa ɗaya da minti hamsin da biyu. A ƙasa ta rubuta da Hausa: “Baba, kar ka gyara.”

Na kunna. “Baba, ina kwana. Ni ce. Ka saurara.” Na gane shi nan take, tsohon saƙon nan ne na Nuwamba. Muryarta tana nan yadda take, da tuntuɓenta duka. Amma duk inda tsuntsu ya yi kuka ta rage gudun sautin har ninki huɗu, kuma in aka rage gudu, siririn sauti yakan sauko ya yi kauri. Kowane ɗan koyo a aikinmu ya san wannan. Ni dai ban taɓa tunaninsa ba, domin shekara ashirin da shida matsewa kawai na iya. Ta bi kuka ɗaya bayan ɗaya, ɗaruruwa, ta sauko mini da su inda kunnena yake. Na san aikin nan, na san ba na kwana huɗu ba ne.

Dajin da na sani da shuuu ya cika. Masu jeren ɗinki suka fara isowa, kamar ana kaɗa cokali a bakin kofi. Wani ya amsa daga hagu. Sai mai kayan mutum bakwai, wanda na yi wata uku ina kallon ƙugiyarsa a bango, ya ja wata doguwar shewa daga ƙasa ya ɗaga ta sama. Na ƙwala wa Sailuba kira, ta fito da gudu ta zaci wani abu ne ya same ni. Ta saurara kaɗan ta ce ita ba haka ta ji shi ba, nata ya fi daɗi. Na ce ta je da nata, ta kuwa koma ciki.

Saura wata goma sha huɗu Umaima ta dawo. Na gyara zama a kujera, na ture wayata gefe. Ayarin ya ci ya yi gaba, dajin ya yi tsit, ruwa na ɗiga a kan ganye. Sai raɗar ta zo.

“Ka ji?”

“Na ji, auta,” na ce da ƙarfi, ni kaɗai a kicin. “Na ji.”